Furen da Akuya Ta Fi Kowa So

A Turai, kamfani kan aika wa abokin ciniki damin furanni don zumunci ya ɗore. Har kasuwa guda suke da ita a Aalsmeer ta ƙasar Holan, inda ake gwanjon wardin da jirgi ya kwaso daga Kenya.

To, Alhaji, gwada kai wa dillalin shanu a kasuwar Sheme ta Faskari wannan kyauta. Zai juya ta, ya sunsuna, ya tambaya ko na basir ne ko na shawara. Kafin la'asar akuyar gidansa ta gama da zumuncin.

Mai haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara da manomin masara a Sabuwa sun san abin da ke ɗaure ciniki: ƙwaryar goro, kwalbar turare, yadin shadda, ragon suna, da zuwa gaisuwa ranar rashi.

Fure ɗaya muke girmamawa, shi ne zoɓo. Shi ma sai ya bushe an ɗura shi a buhu, an auna, 'yan Meziko sun biya. Mai neman amanar ɗan kasuwa, ya fara biyan bashi kan lokaci, sannan ya miƙa goro.