Yadda Ake Zaɓar wa Mota Sarƙar Ƙanƙara a Unguwar Bagadaza ta Gombe

Alhaji mai mota, akwai wani kaya da takwarorinka na Jamus da Kanada ke ajiyewa a but, kai kuwa ba ka da shi: sarƙar ƙanƙara. Ragar ƙarfe ce da ake ɗaura wa taya don kada santsin dusar ƙanƙara ya kwashe mota. Wani Ba'amurke mai suna Harry Weed ya yi mata rajista tun 1904, amma har yau mai facin unguwa bai taɓa yi maka tayinta ba. Wannan sakaci ne, kuma za mu gyara shi.

Da farko nemo ƙanƙarar. A Gombe wuri biyu ake samunta: cikin kular mai zoɓo, sai kuma wadda sama ke jefowa jefi-jefi da damina, ta narke kafin ka gama neman makulli. Idan motarka ba ta bi ta ɗayan biyun nan, kada ka karaya, ci gaba da karatu.

Sarƙa da girman taya take tafiya. Tsuguna ka karanta gefen tayarka, za ka ga wani abu kamar 195/65 R15. Na farko faɗinta ne a milimita, na ƙarshe girman rim a inci. A tayoyin da ke jan motar ake ɗaura ta: na gaba a Golf da Corolla, na baya a tsohuwar Fijo 504. Ka ɗaura a inda ba nan ba, ka yi wa mota ado kawai. Kuma da sarƙa ba a wuce kilomita 50 a awa, gudun da ko mai Keke Napep zai danna maka oda. Da ka hau kwalta kuma dole ka tsaya ka kwance, domin tana cin titi, tana cin taya.

Tunda ka riga ka tsuguna, kada ka miƙe tukuna. Duba ko akwai hoton dutse mai tsini uku da ɗigon ƙanƙara a cikinsa. Akwai? Barka da arziki, ashe ka daɗe da shirya wa sanyin Turai ba ka sani ba. Cikin tayoyin Beljiyam da ake yi maka rantsuwa a kansu cewa wata tsohuwa ce ta ɗan taka zuwa kasuwa, akwai na lokacin sanyi da yawa. Robarsu mai laushi ce, an haɗa ta don yanayin da bai kai digiri 7 ba. Kai kuma ka ɗora ta a kwaltar Gombe cikin watan Afrilu, ana neman digiri 40, ka loda buhun masara huɗu da surukai uku, ka nufi Dadin Kowa. Zanenta mai zurfi da ya ruɗe ka a shago zai sule da wuri, birki kuma ya riƙa yin shawara kafin ya kama.

Akwai kuma lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2316, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2016. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ce shekara huɗu ne wa'adin taya. Yi lissafin a shago, gaban mai sayarwa, kafin wani mai kaki ya yi maka shi a bakin hanya. Mai shago zai ce lambar waya ce ta kamfanin. Ka yi masa murmushi.

To, yaushe sarƙar za ta yi rana? A watan Agusta, idan ruwa ya sauko da rairayi da taɓo ya shimfiɗe a lungu, ya kuma ƙara wa kwari baki. Gaskiya sarƙa na kama taɓo. Sai dai kafin ka shimfiɗa ta, ka ja mota kanta, ka ɗaure ƙugiya cikin caɓi, farar shaddarka ta gama yawo. Abin da ya fi: shebur, guntun katako biyu da igiya mai ƙwari a but. In ka kafe, ɗaga ƙafa daga totur, don taya mai juyawa a wuri ɗaya rami take haƙa wa kanta. Rage iska kaɗan, tura katako ko tabarmar mota ƙarƙashin tayar da ke ja, sa giya ta biyu, ka saki kuloci a hankali. Ruwa mai gudu kuwa, wanda ba ka ganin ƙasansa, ba a gwada shi ko da sarƙar jirgin ruwa.

In duk wannan ya ƙi, saura samarin majalisa. Su ma da girma ake zaɓarsu: huɗu sun ishi Golf, Sienna sai shida. Fara da sallama, ka ce "Samari, a taimaka," kada ka fara da oda. Ka sauke gilashi ka yi godiya bayan an fita, kuma kada ka watsa musu laka. Kuɗin shayi ya kasance canji ne a aljihun gaba, domin wanda ya ce zai tura ta waya idan ya isa gida, gobe shi kaɗai zai yi turi.