Ramuwar Bijimi

An ce sa ba ya ɗaukar fansa. Wanda ya faɗi haka bai leƙa zabirar wanzaman Bauchi ba.

Mahauci ya kayar da bijimi, nama ya nufi kasuwar Wunti, fata ta tafi majema. Ƙaho kuwa aka yar, wai an gama da shi. Ina! Mai sana'a ya tsince shi, ya tsaga, ya gasa har ya yi laushi. Ƙaurin kaɗai ya isa ya tashi zaman majalisa. Mai sana'ar ya danne ƙahon ya miƙe, ya goge da magagari, ya shafa masa man gyaɗa. Sai ga ƙotar aska tana ƙyalli.

Ran Juma'a, Alhajin da ya sha romon kan san nan ya zo aski. Ya cire hula. Ya sunkuyar da kai. Aka ce ɗaga haɓa, ya ɗaga, aska a maƙogwaro, ko tari babu. In jiki ya yi nauyi, a tsattsaga bayansa, a kafa masa ɗaya ƙahon ya zuƙi jini.

Ya kuma biya kuɗi, har da "sannu da aiki".

Mai karatu, in za ka wurin wanzami, ka gaida ƙotar tukuna.