Masu Sayen Batir da Masu Aronsa

Da zarar iskar hunturu ta fara kaɗowa a ƙarshen Nuwamba, leɓe ya fara tsagewa, sai unguwanninmu su samu sabon sauti bayan sallar asuba: "kirr, kirr, ƙas-ƙas-ƙas", sai shiru, sai ka ji "Yara, ku zo ku ɗan sa hannu." Kowa sanyi yake zagi, alhali ɓarnar tun bazara aka yi ta. Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Kano ke haura digiri 40, shi ke ƙafar da ruwan batir ya ci farantan dalmar da ke ciki. Batirin ya lallaɓa ya ƙetare damina da ciwonsa, sai hunturu ya zo ya kaurara man inji, ya rage wa batirin kuzari a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Shi ya sa a hunturu rumfunan masu batir a Ƙofar Ruwa da Fantekar Kaduna ba sa rasa baƙi, kuma duk wanda ya zauna a bencinsu zai ga jama'a iri-iri.

Akwai Malam Zai-Kai. Shi farashi kawai ya zo tambaya, domin nasa "zai kai azumi". Duk gangarar da ke garin ya san ta, kuma ba ya kashe mota a gidan mai sai an yi masa tsawa. Ba zan tsananta masa ba. Ni ma masallacin da ke kan tudu nake zuwa a 'yan kwanakin nan, amma don daɗin ƙira'ar limamin ne.

Akwai mai son babba. Ƙaramar Corolla gare shi, amma idan ba mai lamba 100 ba, bai ga batir ba. A kai mota, ya ƙi shiga mazauninsa, kan ja yana dama alhali wayar motar tana hagu, a ƙarshe a ɗaure da robar tayar babur, a rufe bonet da addu'a. Akwai direban Alhaji, mai cewa a ba shi na China a rubuta na Jamus a rasit. Akwai wanda ya zo da masifa wai an sayar masa da jabu karo na uku, ashe altanetarsa ce ta mutu tun bara, batiran bayin Allah suna ta bayarwa ba mai mayar musu.

Ɗan boko kuwa da mitarsa yake zuwa a aljihu. Zai sanar da kai, ko ba ka tambaya ba, cewa lafiyayyen batir mai cikakken caji 12.6 yake nunawa, idan inji na aiki kuma ya hau wajen 14. Zai ce lambar 62 ko 75 da muke ciniki a kai yawan wutar da batir ke ajiyewa ce kawai, ƙarfin bugun safe wata lamba ce dabam, wadda ake aunawa a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na daƙiƙa 30. Mai rumfa ya ce, "Yallaɓai, ko a Jos ba a taɓa irin wannan sanyi ba, wanne zan ɗauko?" Abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Sai dai ba ya saya. Ya tafi "ya ƙara bincike".

Bokan batir ba ya ɓata lokaci: dutse a kan batir sau biyu, Coca-Cola a kan tsatsa, ƙwayar asfirin a cikin ruwan. Gwajinsa shi ne ya haɗa kawunan biyu da waya ya ga tartsatsi, a bakin abin da ke fitar da iska mai kamawa da wuta. In ka gan shi ya sunkuya, matsa baya.

Amma gwanina, wanda ba ka taɓa ganinsa a kasuwa domin ba ya buƙatar zuwa, shi ne mai aron batir. Maƙwabci ne, mutumin kirki, sahun gaba. Kana fitowa daga masallaci zai jero da kai. "Maigida, an tashi lafiya? Ya iyali? Ya sanyin nan? Kai, bana ya zo da ƙarfi." Da ya ambaci sanyi ka san inda aka dosa, domin ga kan sifana lamba 10 yana leƙowa daga aljihun jamfarsa. Batir mai rai ba shi da shi, amma sifanar tasa ce, har ƙyalli take don yawan aiki. "Ba wani abu ba ne, ɗan taɓawa kawai za a yi." Motarsa otomatik ce, ba ta tashi da turi, kuma yana faɗin haka da wata irin alfahari. Wayar haɗa batir da batir kuwa bai yarda da ita ba, wai ba ta kai wuta sosai. Sai ya kwance naka ɗungurungum, ya rungume shi kamar jaririn suna ya kai gidansa, ya tayar, sannan ya zare shi inji na aiki ya mayar da gawar nasa batirin. Ka ce masa wannan zarewar tana iya ƙona altaneta ko kwamfutar motar, ya ce shi tun zamanin Fijo 504 haka yake yi.

Ya dawo maka da shi kai ɗaya a sake, agogon mota ya koma sha biyu, tashoshin rediyon da ka ajiye duk sun gudu. Yana share hannu a bangonka sai ya ce, cikin tausayi, "Maigida, naka ɗin ma fa ya fara sanyi. Yau sai da na murza sau biyu. Ya kamata ka canza kafin Janairu." Har shawara yake ba ka: ka sayi ɗan Koriya, Solite ko Rocket, kuma mai 75, domin 62 yana wahala a injinsa. Nasa sayen yana nan ƙarshen wata, ko idan dala ta sauko. Ya fi uwargidanka sanin ranar tafiyarka, kuma in za ka kwana a Zariya sai ya tambaya ko da mota za ka. Wata safiya ya zo da wani baƙo: "Abokina ne, tasa ma ta ƙi, na ce masa kai ba ka da matsala." Ka hana shi ta yaya? Ranar da aka yi maka rasuwa shi ya fara shimfiɗa tabarma, shi ya kwashe ta.

Duk waɗannan ina dariyarsu ina kuma sonsu. Wanda ba na wa dariya shi ne mai yi wa mataccen batir wanka. Ya saye shi a farashin dalma daga hannun waɗanda suka ba da tsoho suka yi ciko, ya wanke da Omo, ya zubar da tsohon ruwan a kwata, ya ɗura sabo, ya kwana yana caji, ya manna sabuwar takarda ya naɗe a leda. A mita zai nuna lafiya lau, ya tayar da mota sau biyu a gabanka, ya rantse da Allah jiya aka sauke shi. Wanda yake cuta ba Alhaji ba ne. Ɗan tasi ne da ya ci bashi, ko malamin makaranta mai ritaya da ya tara kuɗin wata biyu, kuma batirin zai mutu ne da tsakar dare ranar da za a kai mai naƙuda asibiti. Ruwan da ya zubar kuma asid ne mai ɗauke da dalma, a kwatar da yara ke wasa, a ƙasar da ta ga gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Wannan ba wayon kasuwa ba ne, zalunci ne.

Don haka mai karatu, in za ka saya, je ka tun motar tana tashi da kanta. Duba ranar ƙira a jikin batirin, duba kawunansa ko akwai sawun ɗaurin da, sa a gwada shi da na'urar da ke ɗora masa nauyi, a auna altanetarka, ka karɓi rasit mai garanti da lambar rumfa. Ka tafi da ɗan bokon nan ma, ranar amfaninsa ke nan.