Masu Kallon Tsuntsaye a Bakin Dam ɗin Shagari

A Ingila mutum yakan sayi madubin hangen nesa, ya yini a bakin tafki yana ƙirga agwagwa, matarsa kuma ba ta kai ƙara wajen iyaye ba. A bakin dam ɗin Shagari ma akwai masu kallon tsuntsaye, sai dai kusan kowa da dalilinsa.

Babbansu shi ne manomi. Idonsa na kan jan-baki, 'yan mitsi-mitsin tsuntsayen nan da ke zuwa dubu-dubai kamar hayaƙi su share gero ko shinkafa kafin azahar. Kayan aikinsa igiya ce da gwangwanaye cike da tsakuwa, sai maƙogwaro. Tun daga nesa yana bambance garken jan-baki da gajimare. Ko jirgin feshi na gwamnati ne ya gifta, kallon tsuntsu yake yi masa, yana addu'a ya sauko ƙasa-ƙasa.

Sai dattijo mai jiran shamuwa. Ba ruwansa da hasashen yanayi na rediyo. Ranar da ya ga ta fara ɗaukar kirare tana sheƙa a kan bishiyar cikin gari, zai sa a fito da iri. A gaya masa cewa daga kudancin Afirka ta dawo, sai ya ce, "Kai yaro, da kai aka tafi?"

Makiyayi da balbela kuwa abokan tafiya ne; shanu na tayar da fari, ita tana cafkewa, shi ko kallo bai ishe ta ba. Masunci yana harar zalɓe kamar kishiya.

Akwai yaro mai danƙo, wanda ya san kurciya da hasbiya ta fuskar gashi kawai.

Na ƙarshe shi ne ɗalibin da ya hau mota daga Sakkwato, ya ratsa Boɗinga da madubi a wuya da littafi a hannu. Ya san cewa wasu tsuntsayen ruwan nan sun ƙetaro Sahara daga Turai don gudun sanyi, ya san Yarima Philip na Ingila ya zo har dausayin Dagona a 1989 saboda irinsu, burinsa kuma ya samu gurbi a cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos. Yakan laɓe a bayan ciyawa awa biyu ba motsi. Mutanen gari sun kasu a kansa: wasu sun ce ma'aikacin gwamnati ne mai auna fili, wasu suna yi masa addu'ar samun lafiya.

Yaron nan mai danƙo ne kaɗai ke zama kusa da shi, don ya lura duk inda madubin ya dosa akwai nama. Daga ƙarshe ya ja masa riga ya ce, "Malam, in ka gama rubuta ta, in harba?"