Na Je Kallon Tsuntsu, Na Dawo da Banda

Wani abokina malamin jami'a ne ya zuga ni. Ya ce a dausayin Baturiya da ke Kiri Kasamma a jihar Jigawa, inda kogin Haɗeja ke malala, duk hunturu tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai su yada zango, har aka sa wurin cikin jerin dausayoyin Ramsar a 2008. Na ce tsuntsun da ya taso daga Turai ba biza ba guzuri, ni zuwa daga Kano zai gagara?

Na ari madubin hangen nesansa, na caɓa ado da farar shadda mai sitaci. Da asuba mai kwalekwale ya dube ni sama da ƙasa.

"Alhaji, ɗaurin aure za mu? Ai fari tun daga nesa suke hango shi."

Muka kutsa cikin kacala, ciyawar nan da ta toshe wa masunta hanyoyin ruwa. Na hango wani dogon tsuntsu, na daki ƙirji na ce, "Shamuwa!"

"Ranka ya daɗe, shamuwa da damina take zuwa. Wannan zalɓe ne."

Na haɗiye yawu. Can ya sa yatsa a baki, ya ajiye filafili. Kwalekwalen ya silala, sai ga fili cike da kirinjijiya da ɗinya, baƙi na Turai a tsakaninsu suna kiwo. Na ɗaga madubi ke nan, wayata ta tsala ihu a aljihu. Sama ta yi baƙi ƙirin da fukafukai, ruwa ya koma wayam. Na miƙe zumbur in kashe ta, kwalekwale ya karkata, na dira cikin taɓo har gwiwa. Takalmina ɗaya yana can har yau, hular ma ta bi ruwa.

Uwargida ce. "Maigida, tunda kana Haɗeja, ka taho mana da bandar kifi."

Mai kwalekwale ya ciro ni yana danne dariya. "Alhaji, ka iya kora. Manoman shinkafa na neman irinka saboda jan baki."

Da na isa gida yara suka tambayi me na gani. Na ajiye kwalin banda, na ce tarwaɗa ce. Ita kaɗai na faɗi sunanta ranar ba a yi mini gyara ba.