Yaronku na Alƙahira bai lalace ba, hutu yake yi

Na ji ƙorafinku, mutanen Tungan Magajiya. Wai an sayar da buhunan masara da na dawa an tura yaro Azhar ya karanto addini, sai ga hotonsa a waya bisa raƙumi, da baƙin tabarau, dalar Fir'auna a bayansa. Kawu ya ce in hawan raƙumi yake so ai da Sakkwato aka tura shi, kuɗin mota ma ya isa. Gwaggo kuwa ta ƙura wa hoton ido ta ce ya yi ƙiba, mai karatu ba ya ƙiba. To ku gyara zama, yau ni ne lauyan yaron nan, kuma ba ku biya ni ba.

Hutu aka ba su. A Masar, Litinin ɗin da ke bin Istar Kiristocin Kibɗawa ranar Shammun Nasim ce, yawanci a Afrilu, wani lokaci farkon Mayu. Ga hutun 25 ga Afrilu, ga na 1 ga Mayu. Musulmi da Kirista duk suna fita lambu da bakin Nilu, suna cin ƙwai mai launi da albasa da wani kifi da ake tsumawa cikin gishiri, fasikh, wanda warinsa ke riga mai shi shiga ɗaki. Kada wanda ya yamutsa fuska, mu da muke jefa daddawa a miya muna lashe hannu. Me kuke so yaro ya yi a irin wannan rana? Ya kulle kansa a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje, yana ƙirga rufin ɗaki? Ko ya taho gida? Kuɗin jirgi don hutun 'yan kwanaki wa zai biya, Kawu?

Kun ce ɓarnar kuɗi. Daga tsakiyar Alƙahira zuwa Giza, inda dalar take, bai kai kilomita 20 ba, jirgin ƙarƙashin ƙasa da 'yar ƙaramar bas sun kai shi. Mai katin ɗalibi rabin kuɗin shiga yake biya a wuraren tarihi. Iskandariyya kuwa kilomita 220 ce, ko kusa da haka: ya kama jirgin ƙasa a tashar Ramsis bayan asuba, kafin azahar yana bakin Bahar Rum, ya ga ganuwar da Sarki Ƙaitabai ya fara ginawa a 1477, ya leƙa babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, ya ci koshari ya ƙoshi, ya dawo ya kwana a gadonsa. Babu kuɗin otal. Raƙumin ne kaɗai na yarda an cuce shi, don masu raƙuman Giza hawa suke yi wa araha, sauka su tsauwala. Wannan ma darasi ne, kuma Azhar ba ta koyar da shi.

Sai Malam, wanda nasa ƙorafin ya fi nauyi. Ya ce me ɗan Musulmi yake nema a kabarin azzalumai? Allah ya gafarta Malam, kowane azumi ku kuke sa mu kuka da labarin Fir'auna. Yaron nan ya je ya tsaya gindin dalar Kufu, wadda ta haura shekara 4,500, tsayinta na asali mita 146, duwatsunta fiye da miliyan biyu, mai ita kuwa ko gawarsa ba a samu a ciki ba. A Afrilun 2021 aka kwashe gawarwakin sarakuna 18 da sarauniyoyi 4 aka kai su sabon gidan tarihi a Fusɗaɗ, har da Ramsis na Biyu, kwance a gilashi, yara 'yan makaranta na wucewa suna nuna hancinsa. Masana na ta gardama kan wanne ne na zamanin Annabi Musa, amma wanda ya ga wannan da idonsa, in ya hau mumbari wata rana zai san abin da yake faɗa game da ƙarshen mulki.

Kuma hoton raƙumin kaɗai kuka gani, don shi ya fi daɗin turawa. Garin da yake zaune garin malaman Malam ne. Jalalaini da ake ja mana a Ramadan, Jalalu biyun duk mutanen Alƙahira ne: Mahalli ya rasu a 1459, Suyuɗi a 1505, kuma Suyuɗin nan har wasiƙar nasiha ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim. Shaihu Halil mai Muhtasar ɗan Masar ne. Hubbaren Imamu Shafi'i yana nan cikin garin, masallacin Amru ɗan Asi na nan tun farkon shigar Musulunci ƙasar. Azhar ɗin kanta tun 970 aka aza harsashinta, kuma an ware wa ɗaliban Barno zaure a cikinta tun kafin a san za a yi Kontagora. Duk waɗannan yini ɗaya ya ishi mai ƙafa da kuɗin bas. Yaro ya shekara huɗu ko biyar a garin ya dawo bai taka ko ɗaya ba, wannan ne ya kamata a zaunar a yi wa faɗa.

Ga Larabci ma. Wanda ya haddace Ajuruma a aji, ranar da ya fara cinikin burodi da Bamisire sai ya ɗauka wani yare aka canza masa. A jirgi da kasuwa ake gyara wannan kunnen.

Abin da ke ba ni dariya, naku ma ai garin baƙin ɗalibai ne. Makarantar koyon aikin lafiya da ke nan cike take da 'ya'yan wasu, iyayensu na can Bida da Minna da Suleja suna zaton suna duƙe kan littafi dare da rana. In suka fito ranar hutu suka ci kasuwa, ko suka leƙa Rijau ko Zuru, ban taɓa jin mai shayi ko ɗan acaɓa ya ce sun lalace ba. Ɗan wani in ya fita yawo ciniki ne, naku ne kawai ɗan iska.

Ku kuma, tsakani da Allah, mutum nawa a majalisar nan suka taɓa ganin madatsar Kainji, da aka kammala tun 1968 a cikin jiharmu? Na san amsar: hanya ta lalace, ga 'yan bindiga, mutum ba ya fita sai dole. Gaskiya ne, ba na zolaya a kan wannan. Amma shi ya sa nake cewa wanda Allah ya kai inda zai fita da safe ya dawo da dare hankali kwance, kada ku ɗaure masa ƙafa daga nan.

Akwai 'yan yawon banza, ban musa ba, masu zuwa ko'ina don hoto. Gane su ba wuya: ku nemi takardar sakamakon jarrabawa. In ta yi kyau, Kawu, a daina ƙunƙuni. Fayyum ta rage masa bai gani ba, wajen kilomita 100 daga Alƙahira, inda ruwa ke juya manyan ƙafafun katako yana ban ruwan gonaki. Ku manoma ne, ku ya kamata ku haɗa masa kuɗin motar.