Tashar Haɗaka da Illarta ga Matafiyin da Ba Ya Tambaya

Tashar haɗaka, a wurin masu harkar sufuri, ita ce wadda jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake kira metiro, yake haɗuwa a cikinta da jirgin dogon zango mai ratsa garuruwa, domin fasinja ya sauka daga wannan ya hau wancan ba tare da ya nemi mota ba. Manyan biranen Turai sun daɗe da ita, domin layin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, wanda aka buɗe a Landan a 1863, ya bi ta King's Cross, inda jiragen arewacin Ingila ke tashi. A Najeriya kuwa misalin da ya fi kusa da mutumin Nasarawa shi ne Idu a Abuja, inda layin Kaduna mai tsawon kilomita 186, wanda aka ƙaddamar a Yulin 2016, ya yi maƙwabtaka da jirgin cikin gari da aka buɗe a Yulin 2018, aka dakatar da shi a 2020 saboda annobar korona, sannan aka dawo da shi a Mayun 2024, inda fasinjoji suka riƙa hawa kyauta a lokacin.

Amfanin irin wannan tasha yana tattare da sharaɗi guda, wato matafiyi ya san cewa jiragen biyu ne, kuma a nan ne mai wannan rubutu, ɗan Kwandere, ya zama abin nazari. Iliminsa na jirgin ƙasa ya samo asali ne daga tsohuwar tashar Lafiya, wadda ke kan layin da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi ya nufi Kafanchan, inda jirgi ba shi da zaɓi sai kudu ko arewa, don haka ya ɗauka cewa duk abin da ya tsaya a kan dogo ya buɗe ƙofa, to na Kaduna ne.

A cikin 2024 ɗaurin auren ɗiyar amininsa ya kira shi Kaduna, sai ya baro gida da asuba ta Akwanga da Keffi, da babbar riga mai sitaci, da doya shida a buhu, da tikitin da ɗansa ya saya masa ta intanet. Da mai tasi ya tambaye shi wace tashar yake nufi a Idu, sai ya amsa da cewa ta jirgi mana, cikin muryar wanda aka raina wa wayo, shi kuwa direban ya ajiye shi a wadda ta fi kusa, ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba.

Alamomi uku suka bayyana, kuma kowacce ya yi mata fassarar da ta dace da darajarsa. Ba a nemi ya nuna lambar kujera ba, sai ya ce kwarjinin rigar ne, fasinjoji ba su da ƙullin kaya irin na masu doguwar tafiya, sai ya ce mutanen birni ba su san zumunci ba, wani saurayi ya dubi buhun ya ce, “Baba, da doyar za a tashi?”, sai ya ce masa, “Yaro, kai dai ka ji da jakarka.” Bayan ya jingina da buhun, ya cire hula ya ɗora a gwiwa domin barcin sa'a biyu, jirgin ya wuce tashar Bassanjiwa ya tsaya cak, kowa ya fita, shi ma ya fito yana yaba wa zamani da ya mayar da tashar Rigasa ta Kaduna kusa haka, har sai da ya ga wutsiyar jirgin sama ta leƙo ta bayan gini.

Ta haka mutumin da ya baro Kwandere, garin da ke da nasa filin jirgin saman, ya ratsa jiha guda domin ya kai doya filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, kuma kafin ya komo Idu jirgin Kaduna ya tafi da kujerarsa babu kowa a kanta. Babban kuskuren, duk da haka, shi ne wayar da ya yi wa uwargida, inda ya ce yana filin jirgi kafin cajin wayar ya ƙare, domin zuwa la'asar unguwa ta gama yanke hukuncin cewa ya tafi Umra a ɓoye.

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, amma ba su faɗi abin da marar tambaya ke samu ba, wanda a wannan karon ya kasance laƙabi. Ya komo gida da doya shida cif, ya tarar da maƙwabta a zaure suna jiran dabino da zamzam, kuma har yau yaran unguwa, idan za su gaishe shi, sukan durƙusa cikin ladabi su ce, “Barka da hantsi, Alhajin Idu.”